Rorschach a Dusar Ƙanƙara: Yadda Gargaɗi Ya Koma Gwarzo

A fitowa ta goma sha biyu, wadda ita ce ta ƙarshe a jerin littafin labarin zane na Watchmen, akwai wani shafi da masu karatu suka kusa shekara arba'in suna jayayya a kansa. Wani gajeren mutum ne tsaye cikin dusar ƙanƙarar Antaktika. Ya fizge ƙyallen da yake rufe fuskarsa da shi, hawaye na kwarara, yana daka wa wani mai shuɗiyar fata tsawa cewa ya yi abin da ya kawo shi. Mai shuɗiyar fatar ya ɗaga hannu. Abin da ya rage sai jini a kan farar ƙanƙara. Dalilin kisan kuwa shi ne ya ƙi ya rufe bakinsa a kan hallaka mutum miliyan uku.

Wanda ya buɗe littafin daga wannan shafi zai rantse da gwarzo ya gamu. Amma mutumin nan, Rorschach, shi ne wanda marubucin ya ƙera musamman don ya zama abin ƙyama. Yadda aka yi abin ƙyamar ya zama wanda masu karatu suka fi so, har ya canza fasalin sana'ar baki ɗaya, shi ne lamarin da zan bi diddiginsa a nan.

Kafin 1986

Tun da Superman ya bayyana a 1938, Batman ya biyo bayansa a 1939, jarumin littafin zane na Amurka mutum ne da ba a tambayar niyyarsa. A 1954 aka ƙara ɗaure wannan da rubutattun ƙa'idoji. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana zargin waɗannan littattafai da ɓata tarbiyyar yara, wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya zauna a kan batun, sai masu kamfanonin suka tsorata suka kafa wa kansu hukumar tacewa, Comics Code Authority. Cikin ƙa'idojinta akwai cewa a kowane labari dole alheri ya rinjayi sharri, mai laifi ya girbi abin da ya shuka, kuma kada a nuna ɗan sanda ko alƙali ta hanyar da za ta jawo masa raini. Littafin da bai ɗauki hatimin hukumar a bangonsa ba, masu shaguna da yawa ba sa karɓarsa. Haka aka yi shekaru ana tafiya: mai kirki da farar fuska, mugu da murguɗaɗɗen baki, yaro ɗan shekara takwas ma ya san wanda zai yi nasara.

A 1983 kamfanin DC Comics ya sayi wasu tsofaffin jarumai daga wani ƙaramin kamfani mai suna Charlton. Alan Moore, Bature ɗan Ingila daga garin Northampton, ya kawo shawarar a ba shi su ya rubuta labarin da zai fara da gawar ɗaya daga cikinsu. Edita Dick Giordano ya duba shirin, ya ga in aka bar Moore da su, to bayan ya gama ba sauran wanda zai sake moruwa, alhali kuɗi aka sa aka saye su. Sai ya ce masa ya ƙirƙiro nasa. Moore da mai zane Dave Gibbons, tare da John Higgins mai saka launi, suka sassaƙa sababbi a kan inuwar tsofaffin. Daga Captain Atom aka sami Doctor Manhattan, daga Blue Beetle aka sami Nite Owl, daga Peacemaker aka sami Comedian. Rorschach kuwa daga The Question aka ciro shi, jarumin da Steve Ditko ya ƙirƙira. Wannan asali yana da muhimmanci. Ditko mutum ne da ya yi imani cewa fari fari ne, baƙi baƙi ne, babu wani abu a tsakani, har ya yi wani jarumi daban, Mr. A, don wa'azin wannan aƙida kawai. Moore yana girmama zanen Ditko amma bai yarda da aƙidarsa ba, don haka ya ɗauki irin wannan mutum ya ajiye shi a titin gaske ya ga yadda zai kasance.

Littafin ya fito kashi goma sha biyu, daga Satumba 1986 zuwa Oktoba 1987. Duniyar cikinsa ta kauce wa tamu kaɗan. Shekarar 1985 ce, amma Richard Nixon yana nan kan mulki, domin Amurka ta ci yaƙin Biyetnam da taimakon Doctor Manhattan, masanin kimiyyar da haɗarin ɗakin gwaji ya mayar wani halitta mai shuɗiyar fata mai juya komai yadda ya so. Shi kaɗai ne mai ƙarfi na ban mamaki a duk labarin. Sauran duka mutane ne kamar kowa da suka ɗinka kaya suka rufe fuska suka shiga titi suna dukan ɓarayi. 'Yan banga ke nan, in za mu kira su da sunansu. A 1977 aka yi dokar Keene ta haramta aikinsu, in ban da masu yi wa gwamnati aiki. Kowa ya ajiye kayansa, ban da mutum ɗaya.

Mutumin da ke cikin ƙyallen

Sunansa na yanka Walter Kovacs. Da muryarsa littafin ya buɗe, ta cikin kundin da yake rubuta bayanansa, ranar 12 ga Oktoba 1985, kuma tun a shafin farko yana zagin birnin New York da mutanen cikinsa kamar wanda ke magana a kan juji. Moore bai ɓoye komai ba. Kovacs ba ya wanka, mai gidan da yake haya tana ƙorafin warinsa. Ya ɓalle ƙofar tsohon abokinsa Dan Dreiberg, wato Nite Owl, ya zauna a kicin yana cin waken gwangwani da sanyinsa, ya kuma cika aljihu da sukarin mai gida kafin ya fita. In yana neman labari, sai ya shiga mashaya ya kama hannun wanda ya fi kusa ya fara karya masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ko mutumin ya san wani abu ko bai sani ba. Yana ƙyamar mata. Jaridar da yake karantawa, New Frontiersman, ta masu tsattsauran ra'ayin wariya ce. Da rana yana yawo da kwali a hannu yana shelar ƙarshen duniya ya zo, ba wanda ke waiwayarsa.

Ƙyallen fuskar nasa fari ne da ɗigon baƙi masu motsi suna canza siffa, amma baƙin da farin ba sa taɓa cakuɗuwa. Sunan kuma na Hermann Rorschach ne, likitan Suwizalan da ya fito da gwajin ɗigon tawada a 1921, inda ake nuna wa mutum tabo marar ma'ana a ce ya faɗi abin da ya gani. Abin da ya faɗa kansa yake fallasawa, tabon bai ce komai ba. Moore ya san abin da yake yi da ya ɗora wannan suna a kan wannan mutum, sai dai ina jin bai zaci gwajin zai kama masu karatunsa har haka ba.

Fitowa ta shida ce ta buɗe cikinsa, bayan an kama shi an kai gidan yari, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Malcolm Long yana zama da shi. Uwarsa karuwa ce mai dukansa. Ya taso a gidan yara marasa galihu, ya yi aiki a masana'antar ɗinki. A 1964 aka kashe wata mata, Kitty Genovese, a New York (wannan kisan ya faru da gaske), jaridu suka ruwaito cewa maƙwabta sun ji ihunta ba su fito ba, sai ya yanke yadin wata riga ya yi abin rufe fuska da shi. Duk da haka, in ji shi, a lokacin Kovacs ne kawai sanye da ƙyalle, yana ɗaure ɓarayi ya bar wa 'yan sanda. Juyin ya zo a 1975, da aka sace wata ƙaramar yarinya ya bi sawu har gidan wanda ya sace ta. Ya duba murhu ya ga guntun kayan yarinya. Ya duba katakon yankan nama ya ga sara. Ya leƙa tsakar gida ya ga karnuka biyu suna rigima a kan ƙashi. Gibbons ya zana wannan duka kusan ba tare da kalma ɗaya ba, akwati bayan akwati, har mai karatu ya gane abin da ya faru a daidai lokacin da Kovacs ya gane. Ya kashe karnukan, ya jira mai gidan, ya ɗaure shi da ankwa, ya zuba kananzir, ya ajiye masa zarto a gefe, ya kunna ashana ya fita ya tsaya yana kallon wutar.

A nan ne dabarar ta fara zamewa daga hannun mai ita. Ba mai karanta waɗannan shafuka ya tausaya wa wanda aka ƙone. An nuna maka yaron da aka yi wa duka, an nuna maka ƙashin da ke bakin kare, to warin jikinsa da karya yatsun mutane sai su fara yi maka sauƙi a ido. Shi kansa likitan ya shigo da fara'a da tabbacin zai warkar da shi, ya fita gidansa na neman wargajewa.

Sauran fa?

Kusa da Rorschach aka ajiye Edward Blake, wato Comedian, wanda gawarsa ce ta buɗe labarin bayan an jefo shi ta tagar bene. Shi ne cikakken wanda ya yanke ƙauna daga ɗan Adam. Ya duba duniya ya ga wasa ce marar daɗi, sai ya ce bari shi ma ya zama abin dariyar. Ya yi yunƙurin yi wa abokiyar aikinsa Sally Jupiter fyaɗe. A Saigon, ranar da ake murnar nasara, wata mata da ya yi wa ciki ta tare shi, ya wulaƙanta ta, ta yanke masa fuska da fasasshiyar kwalba, ya harbe ta har lahira. Doctor Manhattan yana tsaye a wurin. Da ya yi masa magana, Blake ya mayar masa da cewa ai da ya so da ya mayar da bindigar tururi kafin harsashi ya fita, amma ya tsaya kallo. Kuma gaskiya ya faɗa. Wannan ne abin da ke ba ni haushi da Blake: mugu ne, amma sau da yawa shi ke faɗin abin da sauran ke kauce wa. A wani taro a 1966, da aka so a haɗa sabuwar ƙungiyar jarumai, shi ya cinna wa taswirar mai kiran taron wuta, ya ce kama 'yan daba ba ya tsinana komai tunda makaman nukiliya za su tashi nan gaba kaɗan. Kowa ya watse. Mutum ɗaya ya tsaya yana kallon tokar taswirar, Adrian Veidt, wanda ake kira Ozymandias, attajirin da ake cewa ya fi kowa basira a duniya.

Abin lura, da Blake ya gano shirin Veidt shekaru bayan haka, shi mai cewa komai wasa ne shi ya fara karyewa. Ya sha ya bugu, ya shiga ɗakin wani tsohon abokin gabarsa da tsakar dare ya zauna bakin gado yana kuka.

Daren da aka yanke hukunci

Shirin Veidt shi ne wannan. Amurka da Tarayyar Sobiyat sun kai gaɓar harba wa juna nukiliya, sojojin Sobiyat sun kutsa Afganistan, Nixon ya shige maɓoyarsa ta ƙarƙashin dutse. Veidt ya tara masana da masu zane a wani tsibiri suka ƙera wani ƙaton dodo, ya jefa shi tsakiyar New York, mutuwarsa ta kashe mutum miliyan uku nan take. Duniya ta ɗauka hari ne daga wata duniyar, sai manyan ƙasashen biyu suka ajiye gaba suka haɗa kai. Duk wanda ya san sirrin, Veidt ya kashe shi, har da barorinsa. Da Rorschach da Dreiberg suka isa fadarsa a Antaktika don su hana shi, ya zauna ya bayyana musu komai a tsanake, sannan ya shaida musu cewa ai tun minti talatin da biyar da suka wuce ya aikata.

Kusan dukan littafin a kan tsarin akwati tara a kowane shafi aka zana shi, uku-uku, kamar tagogin kurkuku. Sai a farkon fitowa ta ƙarshe Gibbons ya fasa tsarin, ya ba da shafi shida cur, kowanne hoto ɗaya, na gawarwaki. Kuma gawarwakin mun san su. Ga tsohon mai sayar da jarida da muka yi wata da watanni muna jin surutunsa, ga yaron da ke zama kusa da shi yana karatun littafin zane bai taɓa saya ba, sun mutu tsohon na ƙoƙarin kare yaron da jikinsa. Ga likita Long, wanda ya tsaya rabon faɗa a titi. Miliyan uku lissafi ne a bakin Veidt, amma mai karatu an sa shi ya san waɗanda aka lissafa.

Sai aka zo wurin zaɓi. Talabijin na nuna yaƙi ya tsaya. In aka tona asiri, zaman lafiyar zai rushe, mutanen sun mutu a banza ke nan. Doctor Manhattan ya auna ya ce a yi shiru. Dreiberg da Laurie, 'yar Sally Jupiter, waɗanda su ne masu sauran tausayi irin na mutane a cikin taron, suka sunkuyar da kai suka yarda a bar kaza cikin gashinta. Rorschach ya juya ya nufi ƙofa.

To a nan ne mai karatu ke miƙewa ya tafa masa. Ni ma na tafa a karatun farko. Sai a karatu na biyu na lura da wata takarda da aka liƙa a ƙarshen fitowa ta shida, rubutun da Kovacs ya yi yana yaro a gidan marayu. A ciki yana yabon Shugaba Truman na Amurka saboda ya jefa wa Japan bam ɗin nukiliya, wai hakan ya ceci miliyoyin rayuka. Hujjar Veidt ke nan, ba ragi ba ƙari: kashe waɗannan don waɗancan su rayu. Kuma bai bar wannan ra'ayi a yarinta ba, domin a shafin farko na littafin ma yana ambaton Truman cikin mutanen kirki. Haka kuma da aka tuna masa abin da Blake ya yi wa Sally, sai ya kira shi ɗan tuntuɓen mutumin da ya mutu yana bauta wa ƙasarsa. Ashe mai cewa ba ya sassauci yana sassautawa, in mai laifin nasa ne, ko in waɗanda aka kashe suna can nesa. Laifi tudu ne.

Wannan bai mayar da shi maƙaryaci a dusar ƙanƙarar ba. Hawayen gaskiya ne, kuma cire ƙyallen da ya yi yana nuna Kovacs ne ya mutu, mutumin da a wata fitowa ya fasa wulaƙanta mai gidan hayarsa saboda ya ga ɗanta na kallonsa da irin idon da shi ya taɓa kallon uwarsa. Ina ganin ya san in ya koma ya yi magana duniya na iya ƙonewa, ya kuma san ba zai iya yin shiru ba, shi ya sa ya roƙi a kashe shi. Shi ma Veidt ba a bar shi da nasararsa ba. Da ya keɓe da Doctor Manhattan ya tambaye shi ko daidai ya yi a ƙarshe, amsar da ya samu ita ce ba abin da ke da ƙarshe, aka bar shi zaune shi kaɗai da damuwa a fuska. Kafin su tafi Antaktika kuwa Rorschach ya riga ya jefa kundinsa a akwatin gidan waya zuwa New Frontiersman. Shafin ƙarshe wani yaron ofis ne mai suna Seymour, edita ya ce ya zaɓi duk abin da ya ga dama daga kwandon wasiƙun mahaukata ya cike gurbi, hannunsa na shawagi a kan kwandon, kundin na ciki.

Abin da kasuwa ta ɗauka

Littafin ya ci lambar yabo ta Hugo, wadda ake ba ƙagaggun labaran kimiyya da na al'ajabi, a 1988, mujallar Time kuma ta sa shi cikin littattafan ƙagaggun labarai ɗari mafiya kyau da ta lissafa a 2005. A shekarar da ya fara fitowa Frank Miller ya fitar da The Dark Knight Returns, inda Batman ya tsufa ya ƙara zafin hannu. Kamfanoni suka duba waɗannan biyu suka ga kuɗi, amma abin da suka kwasa shi ne duhun da jinin da maganar ciki-ciki. Shekarun 1990 suka cika da jarumai masu murtuƙe fuska da manyan bindigogi. Todd McFarlane ya fito da Spawn a 1992, a shekarar aka kashe Superman na ɗan lokaci, a 1993 aka karya wa Batman baya. Aikin da ya fi wuya, wato a sa ka san mai sayar da jarida kafin a kashe shi, a ɓoye takardar Truman inda sai mai haƙuri zai gani, kaɗan ne suka yi wahalar kwaikwayonsa. A Watchmen ƙazantar Rorschach tuhuma ce ake yi masa. A hannun masu kwaikwayo ta zama kwalliya. Abin ya yi yawa har a 1996 Mark Waid da Alex Ross suka yi Kingdom Come, labarin da tsohon Superman ke dawowa ya tarar da sababbin jarumai marasa linzami sun cika gari.

Moore ya sha faɗa a hirarraki cewa ya yi Rorschach ne don ya nuna yadda ɗan banga irin Batman zai kasance a zahiri, amma sai ga mutane suna tare shi suna ce masa labarinsu ya rubuta, abin da ya sa yake son su yi nesa da shi. A 2015 Sanata Ted Cruz ya lissafa Rorschach cikin jaruman da ya fi so a wata hira da New York Times. Shi kuwa Moore tuni ya raba gari da DC. Yarjejeniyarsu ta ce haƙƙin littafin zai koma hannunsa da Gibbons in aka daina buga shi, kamfanin kuwa bai taɓa dainawa ba. Da Zack Snyder ya mayar da shi fim a 2009, Moore ya ƙi a sa sunansa.

A 2019 tashar HBO ta yi ci gaban labarin a hannun Damon Lindelof, shi ma ba da yardar Moore ba, aka kai shi garin Tulsa shekara talatin da huɗu bayan dodon. A can an nuna cewa hannun Seymour ya sauka a kan kundin, jaridar ta buga, yawancin jama'a suka ɗauke shi shirme. Waɗanda suka gaskata shi wata ƙungiya ce ta fararen fata masu wariyar launi, suna kai wa 'yan sanda hari a gidajensu. Kowannensu ya samo farin ƙyalle ya ɗiga masa baƙin fenti ya rufe fuska, sai dai nasu ɗigon ba ya motsi.